Ƙeyata ce ke kallon wasan

Hyattsville, Maryland

Fatihu,

Bayan gaisuwa, ya ƙafar Umma? Ya su Mubina? Ni lafiyata ƙalau.

Kai kuwa ka ɓata min rai. Don na san kana son ƙwallon kwando na turo maka hoton filin wasan Washington, sai ka kai wa Umma, ka ce ga inda Yaya Sabo yake holewa. Yanzu ko na kira ta, sai ta ce, "Je ka kallonka."

Kullum kana damuna, wai tsakanin filin nan da ɗakin wasanmu na Ƙofar Mata wanne ya fi. To, ji. Nan akwai sanyin na'ura, da allo kamar bangon gida, da kujeru masu laushi da ban taɓa zama a kai ba. Gadi nake yi, kuma dokar aikin ita ce ka juya wa fili baya, ka sa wa 'yan kallo ido. Idan an ci, a fuskokin mutane nake gani. Gwiwa takan kumbura, amma ba komai, ina shafa magani.

A Ƙofar Mata zufa muke sha a kan siminti, amma ina ganin ƙwallon da idona, kana gefena kana cika min kunne.

Ka je ka gyara abin da ka ɓata. Ka ce mata aiki nake yi a wurin. Amma wallahi idan ka gaya mata a tsaye nake yi, ni da kai ne.

Allah Ya shirye ka.

Yayanka,
Sabo