Shan Iska a Bayan Katanga

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kin koma lafiya, kin sami yara da maigidan ƙalau. Kin ce in faɗa miki abin da na gani da safen da Baba ya rasu, a waya kuwa bakina ba ya buɗuwa. Ga shi a rubuce, ki yi haƙuri da hannuna.

Ranar ce masu bincike suka zo hukumar ruwa, wai suna nazarin walwalar ma'aikatan gwamnati. Kafin su iso an yi fenti, an ɗaura fanka a ɗakin hutu, an aro kujerun roba daga wani ofis. Mu 'yan wucin gadi aka raba mana sababbin riguna, aka ce mu mayar in an tashi.

Akwai abin da ake yi a wurinmu da ban taɓa gaya miki ba. Duk ran da za a yi baƙi, Manaja yakan zagaya ya nuna masu tari da masu ɗingishi, ya ce su fita shan iska. Sai su bi ta ƙofar baya su zauna a jikin katanga har baƙi su tafi. Ba mai jin haushi, hutu ne. Baba ya daɗe a cikinsu, tun da maganin da yake zubawa a ruwa ya kama masa ƙirji. Ni na kai musu benci. Mai walda yana ta tsokanarsa, wai, "Dattijo, yi tarin a hankali, kada ka ɓata wa gwamnati suna." Baba ya ce, "Ai ƙafarka ta riga ni."

Daga nan aka kira ni sama, aka zaunar da ni gaban wata malama mai tabarau. Taga tana gefenmu, ana hango bayan katanga. Ta tambaye ni ko ina samun barci, na ce ina samu. Ta tambaye ni ko ana ba mu abin rufe hanci. A lokacin na ga Baba ya dafa gwiwa, ya sunkuya kamar mai neman takalminsa, ya zame daga kan bencin. Hularsa ta gangara cikin kwata. Na ce mata ana ba mu. Bakina ne kawai ya ci gaba da aikinsa, Yaya. Ita ma ta riga ni miƙewa.

Yanzu ofis sun ce a waje ya faɗi, don haka haƙƙin wanda ya rasu a bakin aiki bai shafe shi ba. Sakataren ƙungiyar ma'aikata yana nemana in ba da shaida. Ban je ba tukuna.

Umma tana gaishe ki. Ki shafa min kan yara.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. A tsaye na karanta takardarka, har tukunya ta kama ban sani ba.

Shan iska! Mutumin da ya ba su ƙirjinsa kaf, shi za a fitar bayan katanga kamar tsohuwar taya? Su suka tura shi waje, su ne kuma masu cewa a waje ya mutu? Kai kuma me kake jira? Tun kana ƙarami haka kake, a taka maka ƙafa kai ne mai cewa sannu. Ka tashi ka je wurin sakataren nan ka faɗi komai, har da bencin, har da rigar aro. Wallahi da ni ce, da Manajan nan ya ji abin da bai taɓa ji ba.

Ka ci abinci. Ka sa ido a kan maganin Umma.

Yayarka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na ji faɗanki, ban ce ba ki da gaskiya ba.

Manaja ya kira ni ofis, ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce Baba mutumin kirki ne. Ya ce za a ba ni gurbinsa, aikin dindindin, kuma ɗakunan kwatas da muke ciki su dawo da sunana, Umma ta ci gaba da zamanta. Ya ce in ba haka ba, doka ce iyalin mamaci su tashi. Bai ambaci sakatare ba ko sau ɗaya. Ya dai ce shi yana son yaro mai natsuwa.

Na sami mai walda a wurin aikinsa kan maganar shaida, yana ganina ya sauke gilashin fuska. Ya ce, "Ɗana, ritaya ta kusa. Ni dai na ga mutum ya faɗi." Dogo mai gadi kuwa, wanda shi ma a gabansa abin ya faru, tun da ya hango ni yake neman wani abu a cikin aljihu.

Na fara zuba maganin, gwaji. Safar hannun Baba ta yi min daidai. Warin ba ya damuna, sai da yamma nake jin sa a maƙogwaro. Ba na jin baƙin ciki, ba na jin komai, ina dai zuwa ina dawowa. Na gaya wa Umma duk abin da ke nan, ta ce, "To." Har yanzu kofi uku take wankewa da safe.

Ki gaya min inda zan kai ta in an tashe mu.

Naki,
Auta

*

Auta,

Sannu da haƙuri. Na kwana biyu ina juya takardarka.

Ka san ɗakinmu ɗaya ne, yara a ƙasa suke kwana, aikin babansu kuma yau akwai gobe babu. Ba ni da inda zan sa Umma. Na zage ka a wancan karon, ka yafe min. Ka karɓi aikin, ka yi shiru. Allah ya ga abin da aka yi. Ka sayi abin rufe hanci da kuɗinka, don Allah.

Yayarka mai jin kunyarka

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Babu abin yafewa.

An sake yin baƙi, masu duba injuna. Manaja ya zagaya kamar kullum, ya nuna mai walda da wani tsoho mai share tankuna, abokan zaman Baba a bayan katanga. Ya juyo ya ce, "Auta, kai musu benci." Na kai. Kwatar tana nan yadda take. Ina ajiyewa tari ya ɗan sarƙe ni, mai walda ya matsa gefe ya ce, "Zauna mana, ka fara sabawa da wurin." Wasa yake yi. Ba wanda ya yi dariya, har shi.

Da na koma gida na tarar Umma ta samo kwalaye a shago, tana shirya tukwane a ciki. Na ce, "Umma, ai ban ce za mu tashi ba." Ta ce, "Miƙo min igiyar can." Kofin Baba ta fara naɗewa a zane.

Na je wurin sakatare na faɗi komai. Ya ce bakin ɗa shi kaɗai ba ya isa, sai da na waje. Mai gyaran keke na kan kwana yana da ɗaki a bayan shagonsa, zan je in gani.

Ƙaninki,
Auta

*

Malama,

Assalamu alaikum, da fatan aiki yana tafiya lafiya. Ni ne wanda kika yi wa tambayoyi a ɗakin sama na hukumar ruwa, mai rigar da ta yi masa yawa. Kin bar adireshi, kin ce wanda ya tuna wani abu ya rubuto.

Ina so ki gyara amsata. Ba a ba mu abin rufe hanci. Mutumin da ya faɗi a bayan katanga mahaifina ne, kuma a bakin aiki yake, Manaja ne ya fitar da shi saboda kada ku ji tarinsa. Ƙungiya za ta zauna da hukuma a kan maganar, ana neman wanda ya gani.

Na gode, ki huta lafiya. Ba ni kaɗai na gani ba. Akwai mai walda, da mai share tankuna, da Dogo mai gadi, da direbanku da ya ciro hular daga kwata, da ke.