Mabuɗin Malam Dogo

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar Inna? Ki ce mata ta daina ɓoye maganin a ƙarƙashin filo, na san halinta.

Kullum kina tsokanata wai aikina kallon talabijin ne. To, akwatunan ƙarfe nake gadi, suwic ake ce musu, su ke raba intanet ga rassan kamfaninmu na nesa. Daga kujerata nake shiga cikinsu in gyara, kowane ma'aikaci da mabuɗinsa na sirri, wato lambar shiga. Malam Dogo, wanda ya koya mini aikin, ya rasu watan jiya. Dokarmu ita ce a goge mabuɗin wanda ya bar aiki, ni aka sa, amma hannuna ya ƙi. In manaja ya gano, korata zai yi.

Marigayin yana da wata al'ada. Kafin ya taɓa akwatin nesa sai ya ɗaura masa agogo, ta yadda in ya yi kuskure ya rufe kansa a waje, akwatin zai koma yadda yake da kansa. Shekaranjiya da rana na manta da agogon, na yi kuskure, reshe guda ya mutu ɗif. Ina zaune gumi na karyo mini, sai fitilar reshen da ke kan kwamfutata ta dawo kore. Na duba, ashe an riga ni ɗaura agogo, kuma da mabuɗin Malam Dogo. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Kada ki faɗa wa Inna.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, da fatan zazzaɓin ƙaramar 'yarki ya sauka. Na ga amsarki. Kin ce ko ɓarawo ne ya samu mabuɗin, in goge tun ban jawo wa kaina ba. Gaskiyarki, sai dai ban taɓa ganin ɓarawon da ke gyara ɓarnar mutane ba. Na dai goge, na yi masa addu'a, na yi hawaye kaɗan a bayi.

Abin bai tsaya ba. Jiya na fita cin abincin rana, da na dawo manaja ya tare ni da fara'a, wai na kyauta da na ceto wani reshe kafin kowa ya lura. Na ce masa ba na nan a lokacin. Ya yi dariya, ya ce da mabuɗina aka shiga, ya buɗe mini hoton kyamarar tsaro ta ɗakin aikinmu.

Ni ne, Yaya. Rigata ce, kujerata ce, ina ta danna kwamfuta hankali kwance. Amma ni na san a lokacin ina wurin mai abinci, har miya ta ɗiga mini a hannun riga, ga tabon nan ina kallo. Na hoton ba shi da tabo.

Manaja ya ce yanzu ya yarda da ni, zai ba ni kujerar marigayi. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Ke kika goya ni, babu wanda ya san ni kamarki. Don Allah ki zo ranar hutu ki dube ni da kyau, in kin ga ba ni ba ne, kada ki ji nauyin faɗa mini.

Ki gaida Inna da yara.

Ƙaninki,
Auta