Faifan Mijina a Ƙarƙashin Ƙafar Tebur

Zuwa ga Shugaban Gidan Adana Kayan Tarihi,

Ranka ya daɗe, gaisuwa da fatan alheri. Ni ce Rifkatu, tsohuwar malamar firamare a Kafanchan, wadda ta ba ku kwamfutar marigayi mijina kyauta bara, tare da kwalin faya-fayan fulofi da yake adana rubutu a ciki.

Bari in tuna maka abin da na ba ku. Tun lokacin da mutane ke leƙowa ta taga don ganin kwamfuta, mijina yake buga takardun jana'iza da ita. Daga Fadan Kaje har Kagarko, in an yi rasuwa sai dattawan gida su zo su zauna a falonmu, su faɗi tarihin mamaci, shi yana bugawa. Yawancin dattawan nan sun bi bayan mamatan da suka ba da labarinsu. Abin da suka faɗa yana cikin faya-fayan nan.

Na ziyarce ku makon jiya, na dawo raina a ɓace.

Na farko, kwamfutar an goge ta fes, har an ɗora mata furen roba kamar teburin majami'a. Na gode, amma ba amarya na kawo muku ba.

Na biyu, kuma shi ya hana ni sukuni: ma'aikatanku sun raba ta da faya-fayan, wai ba su da kyan gani. Da idona na ga ɗaya an tokare ƙafar teburin mai gadi da shi don kada ya yi rawa. Na durƙusa da ciwon gwiwata na zaro shi. Rubutun hannun mijina ne a kai, sunayen mutum uku na ƙauyenmu. Ya tsage. Sauran kuma an ce suna sito, sitonku kuwa rufinsa na yoyo, ga damina ta kankama.

Roƙona shi ne a fito da kwalin nan cikin makon nan, a ajiye shi kusa da kwamfutar, a nemo mai iya kwafe abin da ke ciki. In ba za ku iya ba, ku maido mini, ba zan ji haushi ba. Tarihin marigayiya 'yarmu Saratu yana ciki. Ubanta ya buga shi yana kuka, kuma ba ni da wani kwafi.

Ubangiji ya ba ka hikimar riƙon amana, ya tsare iyalinka.

Wassalam,
Malama Rifkatu, Kafanchan.