Kulɓa Mai Layi Ashirin da Shida

Litinin, 5 ga Mayu
Na kama ta, ko in ce ita ta faɗo hannuna. A ƙarƙashin wani ruɓaɓɓen kututture take, can cikin kurmi inda rana ba ta taɓa ƙasa. Kulɓa ce, amma ba irin ta bayan ɗaki ba. Tsawonta bai wuce ɗan yatsana ba, cikinta ja wur, ƙafafun ƙanana har sun ba ni dariya. Shekara uku ina ɗaga itatuwa ina shan cizon tururuwa saboda digirin nan. Yau farin ciki kamar ya kashe ni.

Laraba, 7 ga Mayu
Na dawo ɗakin bincike. Yadda muke bambance kulɓa shi ne a sa ta ƙarƙashin madubi, a ƙirga layukan ɓawon da suka zagaye tsakiyar jikinta. Danginta da ke cikin littattafai duk talatin ne ko talatin da biyu. Tawa ashirin da shida. Sau tara na ƙirga, har idona ya fara ruwa.
Na kira Inna na gaya mata. Wai duk bokon nan kulɓa ya haifa? In tabbata na wanke hannu kafin in taɓa mata kwano.

Alhamis, 8 ga Mayu
Farfesa, mai duba aikina, ya ƙirga da kansa. Ya ce in bincika kwalaben sito, inda ake adana matattun dabbobi cikin sinadari. Idan babu irinta, sabuwa ce, kuma ni na fara gano ta. Ni fa! Na tambaye shi ko zan iya sa mata sunana, ya yi dariya har da tari. A wannan sana'a ba a raɗa wa dabba sunan kai, abin kunya ne, sai dai na wani. To, nasa zan sa. Shi zai sa hannu a digirina, ba ni da wauta.

Asabar, 10 ga Mayu
Ta ci gara huɗu. Na tsaya ina yi mata kirari kamar mahaukaciya.

Talata, 13 ga Mayu
Sito. Baba mai kula da kwalabe ya buɗe min. Tun ba a haife ni ba yake nan, ƙarshen watan nan zai yi ritaya, kuma ban taɓa wuce ina kwana da shi ba. Da fensir yake rubuta takardun da ake sawa cikin kwalba, don ruwan sinadarin yana cinye tawada.
A kantar ajiya ta shida na ci karo da irin tawa. Shekararta talatin da ɗaya a kwalba, launin ya koɗe, amma layi ba ya koɗewa. Ashirin da shida. Takarda biyu ne: ta waje an buga da tafireta cewa kulɓar da aka sani ce, da sa hannun Farfesa. Ta ciki da fensir: "Ba ita ba ce. Layi 26."

Laraba, 14 ga Mayu
Na tura kwalbar can baya, bayan na macizai. Wa zai duba? Abinci ya ƙi ciyuwa.

Juma'a, 16 ga Mayu
Ina shiga Baba ya ce, "Malama, ashe kin ga 'yar tawa." Ya lura an motsa ta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.
Bai yi fushi ba, wannan ne ya fi ƙona min rai. Shi ya kamo ta a kurmin nan. Ya kai wa ogansa na lokacin, aka ce masa aikinsa cika kwalba ne, ba ƙirga ba. Bai faɗi wane oga ba, ni ma ban tambaya ba.
Sai ya jawo tsani ya sauko da wasu huɗu, kowacce da ranarta da inda aka kama ta. Biyar, ga tawa shida! Da guda ɗaya tak babu mujallar da za ta saurare ni, na sani, ina ta kau da kai ne kawai. Muka zauna muna ƙirgawa, yana riga ni. Da na nuna masa tawa mai ran, ya daɗe yana kallon jan cikinta. "Na ɗauka idona ne ya yi min ƙarya a lokacin," in ji shi.

Lahadi, 18 ga Mayu
In na rubuta gaskiya, ba ni na fara gano ta ba, kuma kuskuren Farfesa zai fito fili a takardar da shi zai duba. Tsoro nake ji.

Litinin, 26 ga Mayu
Na miƙa wa Farfesa takardar. A gurbin wanda ya fara kamawa na sa Baba da shekarar. Sunan kulɓar ma nasa ne. Farfesa ya karanta shafin sau biyu, ya cire tabarau. Daga baya ya gyara min waƙafi ɗaya, ya sa hannu, ya tambaya ko Baba yana sito. Na ga ya nufi can.
Ba wani abu ba ne, sunan Baba ya fi daɗin faɗa, shi ke nan. Baban ya ba ni guntun fensirinsa, wai shi ya gama da shi. Yana cikin jakata. Inna ta ce in gaishe shi.