Wanda Ya Riƙe Mini Keke a Ƙofar Lambunku

Zuwa ga Mudir mai kula da lambun shaƙatawa na gefen Muzdalifa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni Basakkwace ne mazaunin unguwar Hindawiyya. Rabin rayuwata na yi ina tura alhazai a arabiyya, wato keken marasa lafiya. Yau ciwon suga ya cinye mini ƙafa, ni ake turawa.

Na farko, ranka ya daɗe, kun fasa hanyar siminti kun zuba tsakuwa don ruwan sama ya kai saiwar itatuwa, kun kafa turakun ƙarfe a ƙofa don hana babura. Ban ƙi ba, na ga ɓarnar da samari suka yi wa shukokin. Amma kekena ba ya wucewa tsakanin turakun nan, ba ya kuma tafiya a kan tsakuwa.

Na biyu, abin da ya same ni Juma'ar da ta wuce bayan la'asar. Da muka tarar da turakun, kara ta sa na ce wa iyalina su shiga, ni zan sha iska a ƙofa. Wallahi raina a ɓace yake. Ka san Muzdalifa in ba lokacin Hajji ba: fili fetal, banɗakuna a jere, iska na kaɗa ƙofofinsu, ɗakin mai gadi a kulle. Ina zaune sai na ji an kama keken ta baya, an ɗan turo ni. Na san riƙon mai turi, wannan ba na mutum ba ne. Na waiga, sai ga gwaggon biri, numfashinsa a wuyana. 'Yan uwansa na kan duwatsu suna kallo, tsit. Gabana gangara ce har titi. Na damƙe birki. Bai sake ni ba sai da ya fizge ledar burodin da aka rataya a jikin keken.

Tun ranar maiɗakina ta rantse ba za mu koma ba, alhali nan kaɗai nake ganin sararin Allah.

Roƙona: ku bar itatuwanku da tsakuwarku. Ku shimfiɗa siririyar hanyar katako, ku buɗe ƙaramar ƙofa daidai faɗin keke, mai gadi ya zauna kusa da ita. Duk shekarun da na yi ina turi, ban taɓa ajiye alhaji a ƙofa na shige ba.

Allah Ya taya ka riƙo, Ya bar ka da ƙafafunka.

Wassalam.

Tsohon mai tura arabiyya, Hindawiyya