Idon Gidan Haladu

Litinin, 7 Afrilu 2025

Yaya Asama'u ta dawo daga asibitin Gumel. Maƙoƙo ne, shi ya kawo ramar da rawar hannun. Ni hawaye, ita dariya. Wai garkuwar jikinta ce ta rikice, tana ƙera wani abu da ke zuwa ya tare a wuya, daidai inda saƙon ƙwaƙwalwa ke sauka, ya yi ta zuga wurin. "Kamar a tada injin niƙa a manta da shi," in ji ta.

Likita ta tambaye ta ko akwai mai fitattun idanu a dangi. Kakarmu Kande mana! Dara-daran idanun da muke taƙama da su, idon gidan Haladu. Ashe ciwo muke wa guɗa.

Asabar, 12 Afrilu

Bikin suna a Ɗanzomo. Mata cike da tsakar gida, Yaya ta sauke mayafi daga wuyanta ta ce kowa ta zo ta taɓa. Gwaggo ta ce, "Rufa mana asiri, 'yar nan, muna da 'yan mata." Yaya ta russuna ta ce, "Gwaggo, saboda su ne. Yana bin jini, amma ba kowa yake kamawa ba, kuma yana jin magani."

Wallahi ta burge ni. Wannan ce fa da ko kaza ba ta iya kora.

Ni na ƙara jan nawa mayafin na rufe wuya.

Alhamis, 24 Afrilu

Na ɓata wa wata amarya lalle a Gagarawa. Furen ya karkace. Na ce zafi ne.

Lahadi, 27 Afrilu

Idan hannun nan ya tafi, me zan yi? Ban iya komai ba sai zane.

Talata, 6 Mayu

Yaya ta zo, ta fara cikowa. Ta miƙo min tafinta. "Muhsina, zana min." Ina yi layin na rawa, tana gani. Da ya bushe ta ɗaga ta ce a haka za ta je asibiti, kowa ya gani.

Laraba, 14 Mayu

Na raka ta Gumel, rakiya kawai. Layin ɗibar jini ba tsawo, kuma akwai inuwa, sai na bi.

Allurar ba ta da zafi.