Ɗigo Uku a Bakin Mazurari

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Sau huɗu ina fara wannan wasiƙa ina yagawa, domin ni ba gwanar magana ba ce, ko a aji sai malami ya kira ni sau biyu kafin in ɗaga kai. Shekarata goma sha shida, saura min shekara ɗaya in gama sakandare. Idan na yi ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri da ni.

Babana mai gyaran risho da fitila ne, Allah ya ji ƙansa, bana shekara biyu da rasuwarsa. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin layinmu, benci ɗaya, guduma, almakashin yanka kwano, sai tarin gwangwanaye a kusurwa. 'Yan layin suna tsokanarsa da Injiniya, shi kuma ya amsa har da gyara hula. Abin da ya daɗe yana damunsa shi ne yadda mata ke ɗura kananzir a risho, ya cika ya zube ba su sani ba, har wata maƙwabciyarmu ta taɓa ƙonewa a hannu. Sai ya ƙera mazurari mai ɗan tsinke a tsakiya, ƙasan tsinken da toshiyar kwalba. Idan tankin ya kusa cika sai toshiyar ta taso, jan kan tsinken ya leƙo, ki daina zubawa. Gwangwanayen Mama kuwa sun sha wahala kafin ya dace, har takan ce a gidan nan ko gwangwanin gishiri ba ya kwana da kwanciyar hankali.

Duk mazurarin da ya gama sai ya ɗauki ƙusa ya buga ɗigo uku a bakinsa. Masu saye sun ɗauka ado ne. Mu ne, Anti: Yaya, ni, da Auta. Na tsakiyan yakan ɗan fi sauran nutsewa. Na taɓa tambayarsa dalili, ya yi dariya ya ce wai ta tsakiya ce ta fi kowa zurfin ciki a gidan. Har yau idan na bi ta gaban shagon, wanda yanzu mai sayar da caja ke ciki, sai in ji kamar ƙamshin dalma zai fito ya tare ni.

Bara makarantarmu ta yi baje kolin kimiyya. Na kai mazurarin. Ranar ce karo na farko da na yi magana gaban jama'a murya ba ta rawa, domin ji nake kamar Baba na tsaye a bayana. Na kwance shi, na nuna komai, har tsawon tsinken na faɗa. Baƙi suka yi ta ɗaukar hoto. Wani mutum mai fara'a ya yaba ƙwarai, ni kuma don murna na ba shi ɗaya kyauta, ko sunansa ban tambaya ba.

Wata uku da suka wuce Mama ta aike ni kanti sayen sabulu. Ina ɗaga kai sai ga irin mazurarin Baba a rataye reras, na roba, shuɗi da kore, da sunan wani kamfani a jiki. Tsinken nan, jan kan nan. Da na juya bakinsa sai ga ɗigo uku, har na tsakiyan ya fi nutsewa. Sun kwafe har da mu, ba su san mene ne ba. Na yi ta jujjuya shi a hannu har sai da mai kanti ya tambaye ni ko lafiya. Na sayi ɗaya na ɓoye a ƙasan akwatina. Ban gaya wa Mama ni ce na ba wani ba. Kullum ina jin ni na buɗe ƙofa aka kwashe wa Baba wahalarsa.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Baba ya bar wani littafi mai baƙin bango, duk shafukansa da tabon mai, a ciki yake zane-zanensa. A ƙarshensa akwai wani abin amfanin gida da ya zana, bai kai ga ƙerawa ba ciwo ya kwantar da shi. Kawu, ƙanin Mama, yana so in ba shi littafin ya nuna wa wani abokinsa ɗan kasuwa ƙarshen watan nan. Ya ce takarda a akwati ba ta amfanar kowa sai gara. Mama ta ce ni zan yanke, tunda ni ce mai zama a shago ina riƙe wa Baba kwano yana liƙewa. Bari in kwatanta miki abin don ki ga ba ƙaramin tunani ba ne.

[A nan an cire sakin layi guda. Dalili yana cikin amsa.]

Malaminmu ya taɓa cewa akwai takardar mallakar ƙirƙira da hukuma ke bayarwa. Anti, ana ba wanda ya rasu? Zan iya ƙwato mazurarin? In ba Kawu littafin? Ni ba wai ina son a rufe kamfanin ba ne. So nake ko sau ɗaya in ga sunan Babana a rubuce a jikin abin da ya ƙirƙira, a daina cewa ai mai gyaran risho ne kawai.

Taki,
Ɗigon Tsakiya

AMSA

'Yata, Allah ya ji ƙan mahaifinki, ya kai haske kabarinsa.

Bari in fara da almakashina. Ni na cire sakin layin nan, kuma ban nuna wa kowa ba. Kin zayyana abu na biyun tsaf, har da awonsa, kin aiko wa jarida. Da na buga shi, da yau ya bi sahun mazurari. Ƙa'idar ita ce, ana ba da takardar mallaka ne ga abin da bai riga ya fita bainar jama'a ba. Daga yau kada ki sake kwatanta shi, ko ga ƙawa, ko a waya.

Sai batun laifin da kika ɗora wa kanki. Sauke shi. Baba da kansa ya yi shekaru yana sayar da mazurarin a bakin layi, duk wanda ya saya yana iya kwance shi ya gani. A dokar yawancin ƙasashe, tun lokacin damar yi masa rajista ta wuce, kafin ki taka filin baje koli. Ba ki ma da tabbacin mai fara'ar nan ne ya kai shi kamfani. Gaskiya mai ɗaci ita ce, da wuya ki ƙwato shi, kuma mai yiwuwa kamfanin bai karya doka ba, ko da bai kyauta ba. Ki gaya wa Mama a makon nan. Ina kyautata zaton rungume ki za ta yi.

Kawu kuma kada ki ɗauke shi abokin gaba. Yana da gaskiya cewa zane a akwati ba ya hana hannun kowa ƙonewa, kuma wata rana za ku buƙaci ɗan kasuwa. Kuskurensa gaggawa ce. Ki ce masa cikin ladabi littafin ba zai fita daga gida ba tukuna, amma kina son ya raka ku, ke da Mama, ofishin rajistar ƙirƙira ko wurin lauyan da ya san fannin. Wasu jami'o'i ma suna da masu ba da irin wannan shawara. Kafin nan ki ɗauki hoton kowane shafi ki adana. Za a fara bincika ko wani ya riga Baba. In ba a riga shi ba, magada suna iya nema, kuma a gurbin wanda ya ƙirƙira sunansa za a rubuta, ko da ya rasu. Akwai ɗawainiya, akwai jira, ana kuma iya ƙi, don haka ki shirya zuciyarki. Idan dole sai ɗan kasuwar ya gani kafin a shigar da takarda, to ya sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri. Ki tambayi lauyan har ila yau ko ɗigo ukun za su karɓu a matsayin alamar kasuwancinku, domin wannan wata rajista ce dabam.

Mazurarin robar nan kuwa, fito da shi daga ƙasan akwati. Sun manna sunansu a jiki, amma sa hannun Baba ne a baki, suna ta buga shi dubu-dubu ba su sani ba. Duk gidan da aka ɗura kananzir bai zube ba, kuna nan ku uku a wurin, ladan kuma in sha Allahu yana isa inda yake. Na farkon ya tafi da ɗigo. Ki riƙe littafin da kyau, na biyun ya tafi da suna.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'ar jarrabawa. Ki gaida Mama, da Yaya, da Auta.

Antinki